Shago Ba Zai Canja Hannu Ba

A layin da nake nufi akwai wani shagon wanki da guga, tsakanin tela da mai aski, ko tsakanin mai aski da tela, ya danganta da ta inda mutum ya ɓullo. Shagon na wani bawan Allah ne da kowa ke kira Yaya, har waɗanda suka girme shi. Na ce nasa ne, amma da sauran bayani. Injinan wanki uku, da injin busarwa, da shuɗin allon da ke saman ƙofa, duk na wani kamfani ne mai rassa a garuruwa da yawa. Kamfanin ya ba Yaya izinin yin aiki da sunansa bisa wata yarjejeniya mai shafi goma sha wani abu. Adadin ya kuɓuce mini, amma tana da kauri, don da ita ake tokare taga idan iska ta taso.

Shekara goma sha ɗaya Yaya na riƙe da shagon. Mutum ne mai jiki, idan ya tsaya a bayan kanta ba a ganin injin tsakiya. Da gwiwoyinsa suka fara yi masa gardama, tururin guga kuma ya fara kama masa ƙirji, sai ya yanke shawarar komawa bayan gari ya yi kiwon kaji, ya bar wa ƙanensa wurin.

Wannan ƙane shi ne mai labarin. Ya taɓa yin aikin masinja wata huɗu a ofishin wani lauya, tun daga nan bai ƙara cewa "to" kamar sauran mutane ba, sai dai "ɓangarenmu ba shi da ja." Mutanen layi suka sa masa suna Rabin-Lauya. Idan an kira shi, ƙarshen sunan kawai kunnensa ke ɗauka, sai ya amsa da fara'a. Siriri ne kamar sandar shanya. Matarsa kuwa shekara shida tana guga a shagon Yaya, ba ta da yawan magana, amma idan ta yi ɗaya takan isa mutum har gida.

Kafin Yaya ya tafi, ya zaunar da ƙanen nasa, ya zaro yarjejeniyar daga taga, ya nuna masa sashe na tara da yatsa: shago ba zai canja hannu ba sai da sa hannun kamfani. Ya yi masa bayani dalla-dalla. Sai an rubuta wa kamfani takarda, sabon mai riƙo ya je horo na mako biyu, a gwada shi, sannan a amince. Wanda ya tsallake wannan, ranar da aka gano shi ranar za a sauke allo a kwashe injina. Yaya ya rubuta takardar da kansa, ya liƙe, ya ce a kai ofishin kamfani gobe da safe. Rabin-Lauya ya ce ɓangarensu ba shi da ja. Yaya ya shafa kanta sau biyu, ya hau mota ya tafi.

Takardar ta shiga aljihu, aljihun kuma ya nufi shagon mai aski, inda ake zama idan rana ta yi sanyi.

"Ni za a zaunar a benci mako biyu a koya mini wanki?" in ji Rabin-Lauya. "Ni da na riƙe jakar lauya a kotun ɗaukaka ƙara? Ku saurara ku ji yadda ake karanta doka. Hannu suka ce. Ni da Yaya uwa ɗaya uba ɗaya. Jinin da ke hannunsa shi ke nawa. To ina canjin?"

Mai aski bai ɗaga kai daga ƙeyar da yake gyarawa ba. Ya ce in dai hannun ɗaya ne, me ya sa lokacin ƙuruciya idan Yaya ya kai mari, mutum ɗaya kaɗai ke kuka? Tela ya ce shi dai ya auna hannuwan biyu da awo, kuma na Yaya ya ci yadi ɗaya da rabi, na ƙanen kuwa ragowar ƙyalle ta ishe shi. Rabin-Lauya ya ce wannan hujjar ba za ta tsaya a gaban alƙali ba, ya tashi ya je ya sanar da mai shayi da mai gyaran babur cewa daga yau shi ne mai shago.

Washegari ya fara mulki. Ya ce a zamanin Yaya ana ɓata lokaci wajen ware fari daban, mai launi daban, alhali dukkansu tufafi ne kuma doka ba ta bambanta su ba. Ya zuba fararen rigunan wata makaranta tare da jan tawul guda. Suka fito da launin da ba ja ba, ba fari ba, irin na cikin kunnen zomo. Matarsa ta kwashe su, ta yini tana jiƙawa tana ɗaurayewa har suka dawo hayyacinsu.

Rana ta uku, ko ta huɗu ce, ya lura cewa cokalin awon sabulu ƙarami ne, ya ce wannan rowar kamfani ce. Ya juye rabin buhu a injin farko. Kumfa ta fito ta ƙofar injin, ta bi ƙarƙashin kanta, ta sauka matakala, ta shiga shagon mai aski ba sallama. Mai aski ya leƙo ya ce ya gode, amma ya fi son a riƙa tambayarsa kafin a aiko masa da kayan aiki. Wani mai keke ya shiga kumfar da ƙarfinsa, ya fito ta ɗaya gefen a ƙasa, keken ya biyo shi daga baya. Rabin-Lauya ya tsaya a bakin ƙofa, kumfa har gwiwa, yana gaya wa masu kallo cewa talla ce, kuma a manyan birane haka ake yi.

Sai ya koma kan injin busarwa, ya murɗa zafinsa har ƙarshe don a yi sauri. Rigar sanyin wani direban babbar mota ta shiga da girman mai ita, ta fito daidai jariri. Ya gaya wa direban cewa ya kamata ya yi murna, tunda matarsa na da juna biyu. Direban ya ce ba shi da aure. Matar Rabin-Lauya ce ta fito ta ba shi haƙuri, ta raka shi har bakin titi. Da ta dawo ta tambayi mijinta ko ya kai takardar Yaya.

"Tana bin matakai," in ji shi, ya dafe aljihu.

Ana cikin mako na uku direban da ke kawo sabulu ya kawo labari: ranar Alhamis mai duba rassa zai zo. Ya ƙara da cewa tsohon mai dubawar ya yi ritaya, wata mata ce yanzu, ba ta taɓa taka layin nan ba, fayil kawai take bi. Matar Rabin-Lauya ta ajiye dutsen guga. Ta ce Malam, a aika wa Yaya ya zo ya tsaya a kantarsa kwana ɗaya, shi ke nan. Amma aika wa Yaya na nufin Yaya zai tambayi takarda. Rabin-Lauya ya kalli ƙusar da shuɗiyar rigar aikin Yaya ke rataye, riga mai maɓalli takwas wadda mutum uku za su yi hira a cikinta, sai fuskarsa ta washe.

Fayil ba ya ɗauke da komai sai hoto, in ji shi. Hoton kuwa na mutum ne mai tumbi, da tabarau, da hula. Ranar Alhamis matar za ta tarar da mutum mai tumbi, da tabarau, da hula. Shago bai canja hannu ba, bai canja fuska ba, a rufe shari'a.

Ya je wurin tela ya nemi a ɗinka masa tumbi. Tela ya ce shekara talatin yana ɗinki, ya rage wa mutane riga, ya ƙara musu riga, amma bai taɓa ƙara wa riga mutum ba, kuma ba zai fara da tsufa ba. Rabin-Lauya ya ce ba komai, wanda ke da shagon wanki ba ya rasa ciko. Ya bi layi yana koya wa maƙwabta su riƙa kiransa Yaya. Ya gwada tafiyar Yaya, ƙafa a ware, yana nishi a kowane taku na uku. Mai shayi ya tambaya ko ƙurji ne ya fito masa a wurin zama.

Ranar Alhamis da hantsi ya shiga bayan labule, inda ake jera wankakkun kayan mutane da lambobinsu. Ya fara da shimfiɗar teburin wani otal, doguwa ce ƙwarai, ya naɗa ta a ƙugu zagaye bakwai, ita ce tushe. A kanta ya cusa duk abin da hannunsa ya kai: riguna, wanduna, tawul, rigar matashin kai. Ya zura shuɗiyar rigar, ya ɓalla maɓalli takwas da ƙyar, ya kafa hular Yaya, ya ɗora tsohon tabarau nasa wanda ba ya ganin komai ta cikinsa sai hazo. Matarsa ta dube shi daga sama har ƙasa. Ta ce wuyan dai na zakara ne, jikin na bijimi, amma Allah ya ba da sa'a.

Mai dubawar ta iso kafin azahar. 'Yar gajeruwar dattijuwa ce mai furfura a gefen ɗankwali, da fayil a hammata. Ta tsaya a ƙofa ta kalli mai tumbin na ɗan lokaci, ta buɗe fayil, ta kalli hoto, ta rufe.

"Sannu da aiki, mai shago."

"Ranki ya daɗe," in ji Rabin-Lauya da muryar da ya haƙo daga ƙasan maƙogwaro. Ya matso zai ba ta kujera, tumbin ya riga shi isa, ya ture kwandon lambobi.

Ta duba injina, ta shinshina sabulu, ta shafa saman kanta da yatsa. Duk abin da ta tambaya, kafin ya gama gyara murya matarsa ta amsa daga teburin guga. Injin busarwa na aiki, ɗakin ya ɗauki zafi, gumi ya fara bin wuyan Rabin-Lauya yana gangarawa cikin wankakkun kayan jama'a. Tela da mai aski sun sami dalilin tsayawa a bakin ƙofa, ɗaya da almakashi, ɗaya da tsinken allura a baki.

Sai ga wata nas ta shigo da sauri, ta miƙa lambarta. Farar rigar aikinta take so, ƙarfe biyu za ta karɓi aiki a asibiti. Matar Rabin-Lauya ta leƙa bayan labule, ta duba rataya, ta dawo, ta dubi mijinta.

"Rigarki tana ciki," ta ce.

"To a fito mini da ita."

"Sai mai cikin ya yarda."

Mai aski ya juya baya yana tari. Rabin-Lauya ya ce ma'anarta kayan suna cikin sito, kuma shi kaɗai ke da hurumin shiga. Ya shige bayan labule. Aka ji nishi, aka ji maɓalli ya buga bango, aka ji wani abu kamar addu'a. Ya fito da rigar nas a cukurkuɗe, da ɗumi, da danshi. Nas ta riƙe ta da yatsa biyu ta ce wannan wane irin wanki ne mai warin ɗan Adam? Matar ta karɓa, ta ce a ba ta minti goma. Shi kuwa tumbin ya sauka ta dama, ya taru ta hagu, kamar buhun da aka ɗora wa jaki a karkace.

Bai gama daidaita shi ba wani hedimasta ya shigo neman wandonsa. Wandon ma yana ciki, can ƙasa kusa da tushe. Da Rabin-Lauya ya fito karo na biyu, maɓalli uku sun yi sako-sako, rigar ta fara lilo.

"Mai shago," in ji mai dubawar a hankali, "kamar kana ramewa."

"Magani nake sha, ranki ya daɗe. Mai saurin aiki ne."

Ta ce lallai kam, tun shigowarta ya zubar da abin da wasu ke shekara suna fama. Ta buɗe fayil a kan kanta, ta juya masa takardar ziyara, ta miƙa biro ta ce ya sa hannu a ƙasa. Nan Rabin-Lauya ya ji daɗi, don kwana uku yana kwaikwayon sa hannun Yaya a bayan kwalin sabulu. Ya karɓi biro da dama, ya zana shi tsaf, har da 'yar wutsiyar da Yaya ke ja a ƙarshe. Ya ɗago yana jiran yabo.

Ba takardar take kallo ba, hannun take kallo.

"To," ta ce. "Lallai shagon nan ya canja hannu. Daga hagu ya koma dama."

Ta cire tabarau tana gogewa. Ta ce layin ne ba ta taɓa zuwa ba, amma kafin a ba ta fayil ita ce malamar horo, kuma shekara goma sha ɗaya da suka wuce ta yi mako biyu cur tana fama da wani ƙaton bahago da ya ƙone mata riguna huɗu kafin ya iya riƙe dutsen guga. Saboda shi aka kafa teburin guga ta hagu a ɗakin horo. Ba ta manta ɗalibanta.

Rabin-Lauya ya buɗe baki zai ce maganin ne ya juya masa hannu. Sai ƙofa ta yi duhu. Yaya ne tsaye da kiret ɗin ƙwai a hannu, ya shigo gari don ya ji dalilin da ya sa kamfani bai amsa takardarsa ba. Ya kalli rigarsa, ya kalli tabaransa, ya kalli hularsa, ya kalli abin da ke cikinsu.

"Ranki ya daɗe," in ji Rabin-Lauya da sauri, "wannan ƙanena ne. Yana da ɗan taɓin..."

Yaya ya miƙa wa tela ƙwan. Ya ga bakin wani farin ƙyalle na leƙowa daga ƙasan rigar, ya damƙa da hagu, ya ja. Rabin-Lauya ya yi waje da gudu, Yaya bai saki ba. Shimfiɗar otal ta fara warwarewa, mai gudun ya koma juyi a tsakiyar titi kamar katantanwa, zagaye ɗaya, biyu, uku, tawul na tashi, wanduna na sauka, rigar matashi ta faɗa kan teburin mai shayi. A zagaye na bakwai ya zauna daɓas a ƙasa, daga shi sai wando da singileti da tabarau a kunne ɗaya. Takardar Yaya ta faɗo kusa da shi, a liƙe kamar ranar da aka ba shi, sai dai ta sha gumi.

Layi ya cika. Ana ta dariya, har hedimasta. Amma da mai dubawar ta fito ta ɗaga kai ta kalli shuɗin allon, ta tambayi mai aski ko yana da tsani, dariyar ta ɗauke. Ta ce sashe na tara ba ita ta rubuta shi ba, amma ita ke aiki da shi. In an miƙa shago ga wani ba da izini ba, allo zai sauka yau, motar injina ta zo gobe. Yaya ya zauna a kan matakala, ya ɗora hannuwa a gwiwa, ya sunkuyar da kai. Matar Rabin-Lauya ta tsaya a ƙofa da rigar nas a goge a hannunta, ba ta motsa ba.

Mai aski ya ce tsaninsa ya karye. Tela ya ce nasa ma, tare suka karye.

Mai dubawar ta dube su, ta dubi Yaya, sannan ta buɗe fayil. Ta ce abu ɗaya take buƙatar rubutawa. Wannan mutumin da ke zaune a ƙasa, ya riƙe shagon ko bai riƙe ba? In ya riƙe, an canja hannu. In kuwa ma'aikaciyar da ke cikin fayil tun shekara shida ita ta ci gaba da aikinta yayin da mai shago ke hutawa, shi kuma wannan yana shigowa ne kawai yana ɓarna, to ba a canja komai ba, an dai yi rashin sa'ar dangi.

Tela ya ce shi shaida ne, mutumin bai taɓa riƙe komai ba a rayuwarsa, ko laima aka ba shi sai ta tashi. Mai aski ya kawo maganar kumfa. Mai shayi ya kawo maganar rigunan da suka koma launin kunnen zomo. Mai dubawar ta ce ta ji, amma daga bakinsa take so, a gaban kowa, tunda a gaban kowa ya ce shi ne mai shago.

Rabin-Lauya ya tashi ya kakkaɓe wando. Ya kalli mai gyaran babur, ya kalli mai shayi, duk waɗanda ya bi ɗaya bayan ɗaya ya yi wa shela. Sai ya kalli ƙeyar Yaya a sunkuye a kan matakala, ya daɗe yana kallonta. Ya cire tabaran, ya goya hannuwa a baya kamar yadda ya ga ana yi a kotu.

"Ranki ya daɗe, a rubuta. Ban riƙe ba. Ban iya ba. A rubuta kuma da kyau, don kada wani ya zo gobe ya yi mini takara: a duk rassan kamfanin nan, gabas da yamma, babu wanda ya kai ni rashin iya wanki. Wanda ya ja, ya kawo rigarsa."

Babu wanda ya kawo. Mai dubawar ta rubuta, ta zaro sabon fom ta miƙa wa Yaya, ta ce wannan karon ita za ta kai da kanta, kuma horo na farawa Litinin ga duk wanda ya sa sunansa. Yaya ya goge ido da bayan hannu, ya karɓi biro, ya tambayi matar ƙanensa yadda ake rubuta cikakken sunanta.

Tana cikin faɗa masa Rabin-Lauya ya matso, ya leƙa ta kafaɗar Yaya, ya ce a matsayinsa na mijin mai shago yana so a ba shi yarjejeniyar ya ƙara nazarin sashe na goma.

"Malam," in ji matarsa, ba ta ko juyo ba, "tsince wandunan mutane daga titi."

Ya ce ɓangarensu ba shi da ja, ya sunkuya.